Ƙanina ya tsira a teku, amma barci ya gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanina ɗan shekara 17 ya bi 'yan ci-rani zuwa Libiya. Kwalekwalen robar da suka shiga ya kife a tekun Bahar Rum, aka ceto shi, abokinsa bai fito ba. Wata takwas ke nan da dawowarsa. Ba ya barci, warin fetur na tayar masa da zuciya, ko yayyafi aka fara sai ya ƙule a ɗaki. Inna ta ce iskar ruwa ce. Ya za mu yi?
Wata yaya daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan abokin nasa. Ƙaninki bai haukace ba. Firgici ne da ke maƙalewa a zuciya bayan mutum ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, likitoci suna kiransa PTSD. Warin fetur ɗin nan warin kwalekwalen ne, da ya shaƙe shi sai jikinsa ya ɗauka har yanzu yana cikin ruwa.

A 1988 jirgin ruwan Jupiter, ɗauke da ɗaliban Birtaniya wajen 400, ya yi karo da jirgin kaya a bakin tashar Piraeus ta ƙasar Girka, ya nutse. Mutum huɗu suka rasu. Masana suka yi shekaru suna bibiyar yaran, suka tarar kusan rabinsu sun kamu da wannan firgici. Kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu sun warke cikin shekara guda, amma wani kashi ɗaya cikin uku suna nan suna fama bayan shekara biyar zuwa takwas. Shi ya sa ba na son jin "a bar shi, zai wuce". Wata takwas ya isa jira.

Abin da ya fi damuna shi ne abokin nan. Wanda ya tsira yakan riƙa tuhumar kansa, me ya sa ni na fito shi bai fito ba? Da jirgin Sewol ya nutse a Koriya ta Kudu a 2014, ɗalibai 250 na makaranta ɗaya suka mutu, mataimakin shugaban makarantar da aka ceto ya kashe kansa bayan kwana biyu. Idan kika ji ƙaninki na cewa gara ma ya mutu, ku kai shi asibiti a ranar.

Ku ci gaba da addu'a, kada ki yi jayayya da Inna, ki ce mata a haɗa da likita. Akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Ki nemi wanda zai riƙa zama da shi ana tattaunawa mako-mako, kada a tsaya ga ƙwayar barci kawai.

A gida kuwa, a daina sa shi ba da labari duk lokacin da baƙi suka zo jaje. In ya farka tsakar dare, ki kunna fitila, ki kira sunansa, ki ce masa gida yake. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita.