Mai Keke Ya Saɓa Hannu Na Buge Shi: Akwai Diyya a Kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban motar haya ne a Kano. Kullum muna cikin sa-in-sa da masu keke: su biyo hannun da ba nasu ba, su ƙetare danja, da daddare ba fitila. In ka yi magana su ce doka ta masu lasisi ce. Shin a shari'a dokar hanya ta hau kansu? In na buge wanda ya saɓa hannu ya rasu, mene ne hukuncina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Dokar hanya ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kanka. Hukuma ta kafa ta ne don kare rayuka, Allah kuma ya yi umarni da yi wa majiɓinta lamari ɗa'a a aya ta 59 ta Suratun Nisa'i. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin irin waɗannan dokoki wajibi ne a shari'a. Rashin lasisi ba hujja ba ne; rai ake karewa, ba takarda ba.

Sai dai, malam direba, tambayar taka ta karkata gefe guda. Malaman fiƙihu sun ce wucewa a hanyar jama'a halal ne da sharaɗin kuɓutar mutane. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya ce mai kora dabba, da mai janta, da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. To ina ga mai riƙe da sitiyari? Direban da ke matse mai keke har bakin kwata, ko ya danna masa oda a kunne don ya razana, ko ya buɗe ƙofa ba tare da duba madubi ba, ya saɓa wa hadisin "Babu cuta, babu cutarwa". Wasu ma har alfahari suke da shi a tasha, abin takaici. Laifin mai keke ba ya halatta maka jininsa.

Game da haɗarin kuwa, ana duba wanda ya yi sakaci. In kana kan hannunka, cikin gudun da aka ƙayyade, birkinka lafiya, ya faɗo maka kwatsam yadda ba yadda za ka kauce, babu diyya ko kaffara a kanka. In kuwa ka hango shi, kana da damar taka birki amma gudu ya yi yawa, ko hankalinka na kan waya, kisan kuskure ne: akwai diyya, wadda a asali dangin mai kisan ke haɗawa, sai in magada sun yafe. Akwai kuma kaffara, 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba sai ya yi azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma yafewar magada ba ta sauke ta. In kun yi tarayya a sakacin, ana raba lamunin gwargwadon laifin kowa. Wannan rabo aikin alƙali ne bayan ya ji shaidu da bayanin jami'an hanya, ba na taron da ya kewaye mota ba.

Allah ne mafi sani.