Amsa: Frank Shu ne ya gano sirrin hannuwan tarin taurari, ko malaminsa?

Ka tambaya ko Frank Shu ne ya ƙirƙiro bayanin da ya nuna dalilin da ya sa hannuwan tarin taurari masu lanƙwasa ba sa nannaɗewa su ɓace, ko kuwa aikin malaminsa ne. Aikin na su biyu ne. Shu, wanda aka haifa a Kunming ta ƙasar Sin a 1943 kuma ya tashi a Amurka, ya fara wannan bincike yana ɗalibi a jami'ar MIT ƙarƙashin malaminsa C. C. Lin, suka wallafa sakamakon tare a 1964. Sun nuna cewa hannuwan wuraren cunkoso ne da taurari da iskar gas ke shiga su fita, tamkar yadda cunkoson motoci ke nan a wuri ɗaya alhali motocin suna wucewa. Kafin su ma, Bertil Lindblad na Suwidin ya taɓo wannan tunani.

Sai dai a ganina, wanda yake son auna Shu shi kaɗai ya duba aikinsa na 1977, lokacin yana koyarwa a Jami'ar California da ke Berkeley, inda ya bayyana yadda gajimaren gas ke rushewa daga tsakiya zuwa waje har tauraro ya samu. Na lura masu karatu kan tsaya a 1964, alhali binciken haihuwar taurari na cikin manyan ayyukan da suka kai shi ga lambar yabo ta Shaw a fannin ilimin taurari a 2009.