Tambaya da Amsa: Da wane irin fim za mu fara a Sakkwato?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Mabera. Mu uku ne abokai, muna da waya mai kyamara mai kyau, kuɗi kuwa sai a hankali. Ɗaya na son barkwanci, ɗaya dokumentari, ni kuma fim na gwaji nake so, irin wanda ba ya bin tsarin labari da aka saba. Da wanne za mu fara? Kuma dole ne sai mun koma Kano?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba dole ba ne ku koma Kano. Can kasuwa take, amma abin ɗauka yana ƙofar gidanku. Shawarata ku fara da dokumentari gajere, kada ya wuce minti 7, a kan mutum ɗaya da sana'arsa.

Dalilina shi ne ba sai kun biya 'yan wasa ba, ba sayen sutura, kuma aikin zai koya muku saurare, wanda shi ne abin da sababbin daraktoci suka fi rasawa. Ku je wurin majema. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake ke tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ku sami dattijo guda, ku fara zama da shi ba tare da kun ciro waya ba. In ya sake da ku, sai ku ɗauki hannunsa kurkusa yana kankare gashi, ku ɗauki ruwan bagaruwa da ake jiƙa fata a ciki, da yadda jan karan dafi ke kama ta. Kada ku tambaye shi tarihin jima, zai ba ku amsar da ya saba ba baƙi. Ku tambaye shi wa ya koya masa, kuma cikin 'ya'yansa wa ya gada. In ya yi shiru, kada ku katse, ku bar kyamara tana aiki.

Abin da zai kashe muku fim ba hoto ba ne, sauti ne. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. Ku sayi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a riga, in babu ku ajiye waya ta biyu a aljihun mai magana tana naɗa. Kafin a fara wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ku daidaita murya da hoto wajen editin. Ku riƙe waya a kwance. Ku yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, don ranar Sakkwato a watan Afrilu tana ƙone fuska a hoto, wayar ma ta yi zafi ta tsaya. Kuma ku gaida mai unguwa tukuna, ku naɗi amincewar duk wanda kuka ɗauka da bakinsa, ku gaya masa inda za a nuna.

Abokinka mai barkwanci ya yi haƙuri zuwa aiki na biyu, don barkwanci ya fi su duka wuya: in yankan hoto ya makara da daƙiƙa guda, dariya ta mutu. Roƙo ɗaya nake yi masa. Yana ci mini rai in ga an sa Basakkwace a fim don a yi wa harshensa dariya kawai. Ku yi Sakkwatancinku yadda kuke yi a gida, amma dariyar ta fito daga halin mutum da abin da ya same shi. Ya je ya kalli tashe da azumi, ya saurari yadda Bagobiri da Bayarabe ke tsokanar juna ba wanda ya ji haushi.

Kai kuma mai son gwaji, ka san sunan Moustapha Alassane. Ɗan Nijar ne, ya zauna a Tawa, hanyar Illela da Birnin Ƙonni ce ke kai ka can. Tun shekarun 1960 yake yin fim na zane mai motsi da kayan da ya haɗa da hannunsa, daga baya har ya sa 'yar tsanar kwaɗi kokawa. Ya rasu a 2015. Kai ma za ka iya: kafa waya kada ta motsa, gusa abu kaɗan, ɗauki hoto, sake gusawa. Hoto 12 na ba da daƙiƙa ɗaya, minti ɗaya ke nan hoto 720. Yi minti ɗayan da guntayen fatar da majemi ya zubar, a saka shi a farkon dokumentarinku.

In kun gama, majeman za ku fara nuna wa. Sannan ku rubuta fassarar Turanci a ƙasan allo ku aika bikin baje kolin fina-finai na iREP a Legas, wanda na dokumentari ne, ko na Zuma a Abuja.

TAMBAYA: Malam, ina yin gajerun bidiyo na ban dariya da ƙawayena a Gawon Nama. Yaushe YouTube ke fara biya?

AMSA: Ƙanwata, kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kada ki ɗora waƙar wani ba da izininsa ba, don na'urarsu tana gane ta, kuɗin ya koma wa mai waƙar ko a toshe bidiyon. Nemi makaɗi a unguwa ya yi miki kiɗa naki, ku yi yarjejeniya a rubuce.