Amsa ga mai tambaya kan sauke sautin jita: laftof ko feda?

Ɗan'uwa, sannu. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce kana sauke jitarka mataki biyu a cikin manhajar Guitar Rig ta laftof don ta dace da muryar mawaƙinku, sautin yana zuwa a makare yana rawa, murya ta biyun da hamonaiza (abin da ke ɗora wani sauti a kan wanda ka kaɗa) ke ƙara maka kuma takan fita daga waƙar, shin ka tara kuɗi ka sayi feda (na'urar da ake takawa da ƙafa ta canza sautin jita) ko ka ci gaba da laftof. Duk na sha wannan. In a gaban jama'a kake kiɗa, nemi feda. In a ɗaki kake ɗaukar sauti, riƙe kuɗinka.

Amma kada wani ya ce maka feda ba ta jinkiri. Ita ma ƙaramar kwamfuta ce a ciki, dole sai ta saurari sautin kafin ta canza shi. Babbar tsirkiya tana kaɗawa kamar sau 82 a daƙiƙa, wato kaɗawa ɗaya tak ta ci milisakan 12 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), shi ya sa matsalar ta fi muni a tsirkiyoyi masu kauri. A laftof sai a ɗora maka jinkirin bafa (wato yawan ɓarɓashin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa) a kan wannan. Bafa 512 a kan saitin 48,000 a daƙiƙa ya haura milisakan 10 wajen shiga, ya sake cin irinsa wajen fita. Ka dawo da shi 128, bai kai milisakan 3 ba. Ka duba wannan yau, kuma ka tabbata ASIO (direban sauti mai rage jinkiri) na sawunkad ɗinka, wato akwatin da ke haɗa jita da laftof, kake amfani da shi.

Abin da ya raba ni da laftof a wajen biki ba zan manta da shi ba. A Kaduna ne, dina, zauren ya cika. Mawaƙiyarmu ta zo da mura ta ce a sauke mata, na sauke a manhaja, muka gwada da yamma komai lafiya. Ashe bayan mun fara, mai kayan sauti ya zare cajata daga soket ya saka fitilarsa, ko sallama bai yi mini ba. Ka san laftof in ta koma kan batir sai ta rage ƙarfinta. Ana tsakiyar shigowar amarya jitar ta fara tsattsagewa, in kaɗa tsirkiya sai na ɗaga hannu sannan sauti ya fito. Mai ganga yana kallona, mawaƙiya ta juyo tana hararata, ni kuma zufa ta jiƙa mini riga, ina danna abin da ban ma san me nake dannawa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai kayan sautin nan ya ɗauki makirufo ya ce wa jama'a a yi haƙuri, matsalar daga mai jita ce. A gaban dangin ango, a gaban yaran da nake koya wa kiɗa. Da aka tashi na ga cajar a ƙasa na nuna masa, ya ce shi bai san ta kowa ba ce. Aka yanke mini kuɗi, shi aka biya shi cif. Har yau in muka haɗu a wajen aiki yakan miƙo hannu kamar ba abin da ya faru, ina gaisawa da shi saboda Allah, amma zuciyata ba ta huce ba. Mawaƙiyar ma ba ta sake kirana ba, kuma ita ce hanyar abincina a lokacin.

To, feda ba ta da wannan. Ka taka, ta yi. Ni DigiTech Drop na samu na hannu, aikinta ɗaya, saukewa, kuma tana ɗaukar tsirkiya shida a tare ba ta rikicewa. Mataki ɗaya ko biyu ba ka jin wata matsala. In ka yi ƙasa sosai sautin yakan dushe, wannan kowace na'ura haka take. Sai dai don Allah ka kula da adafta. Yawancinsu bolt 9 ne, amma waɗannan na canza sauti suna jan wuta fiye da ƙaramar fedar distoshin (mai sa sautin jita kaushi), adaftar kasuwa mai arha za ta sa maka ƙugi, balle a kan janareta. Ka karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin ka saya.

Maganar murya ta biyu kuwa, sayen feda ba zai gyara maka ita ba, nan nake so ka saurare ni da kyau. Hamonaiza irin Boss PS-6 kana gaya mata kii, wato sautin da waƙar ta zauna a kai, ita kuma ta ɗora maka sauti bisa sikeli mai sauti bakwai (do re mi fa so la ti). Mu kuwa yawancin abin da muke kaɗawa, namu na nan da salon jitar Agadas, a kan sauti biyar yake tafiya. Ka ɗauki do re mi so la. In ka ce ta ƙara na uku a sama, a kan re za ta ba ka fa, a kan so ta ba ka ti, kuma waɗannan biyun babu su a waƙar. Shi ne kake jin kamar baƙo ya shigo cikin amshi. Na'urar lafiyarta lau, abin da aka gina ta a kai take yi. Ka sa ta a okta, wato ta maimaita ainihin sautin da ka kaɗa a sama ko ƙasa, ba za ta taɓa fita ba. Na biyar ma yana zama, wuri ɗaya kawai yake kaucewa. Kuma tsirkiya ɗaya-ɗaya take so, in ka haɗa mata biyu sai ta yi ta rawa.

Af, ka duba inda ka ajiye ta a layin na'urorin da sautin ke bi. Mai sauke sauti a farko take zama, kafin distoshin, ta samu sautin jita tsabtatacce. A manhaja ma haka. Da yawa a ƙarshe suke jefa ta bayan eko, sannan su ce manhajar banza ce. Kuma in kana gwaji a ɗaki da ƙaramin sauti, kunnenka yana jin tsirkiyar hannunka a kii ɗinta na asali, lasifika tana ba ka wani, dole ka ji kamar jitar ba ta saitu ba. Sa hedfon ka ji bambanci.

A situdiyo ni har gobe kwamfuta nake amfani da ita. Ina ɗaukar jitar yadda take, daga baya in sauke ko in ƙara murya, jinkiri bai dame ni ba tunda ba a lokacin nake kaɗawa ba. Sau da yawa ma murya ta biyun da hannu nake sake kaɗa ta, ta fi daɗi nesa ba kusa ba.

In kuɗin bai taru ba tukuna, ka sassauta tsirkiyoyin ka ɗaure jitar a ƙasa gaba ɗaya, in ana son sama ka sa kafo (matsin da ake maƙalawa a wuyan jita don ɗaga sauti). Na yi wata da watanni a haka kafin in samu fedar. In kuma dole sai da laftof za ka fita, ka je da soket ɗinka, ka naɗe cajar da salatif, ka saita ta kada ta rage ƙarfi a kan batir. Faɗa mini wane sawunkad gare ka da kii ɗin da mawaƙin naku ya fi zama a kai, sai in gaya maka yadda zan saita shi in ni ne.