Tambaya da Amsa: Za mu hau dutse kwana huɗu, wane ruwa za mu sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, mu shida ne muka shirya idan an yi hutu za mu je Taraba mu hau dutsen Chappal Waddi da ƙafa, kowa da jakarsa a baya, kwana huɗu a daji. Matsalar ita ce ruwan sha, mun yi lissafi ba za mu iya ɗaukar fiya wata ba. Wani a cikinmu ya ce ai ruwan kan dutse garau yake a sha kawai, wani ya ce mu sayi filta irin ta Turawa, ni kuma na ce ƙwayar Aquatabs ta isa. Don Allah wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya kai ku lafiya. Lissafinku daidai ne, litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, mai hawan dutse kuwa zai sha lita uku zuwa huɗu a rana, ka ga kwana huɗu kilo 12 ke nan ko fiye banda abinci da bargo, wa zai ɗauka?

Abokin naka mai cewa ruwan garau yake, shi na fi jin tsoro a tafiyar nan wallahi. Tsaunukan Gashaka-Gumti da na Mambila, yankin da dutsen yake, makiyaya na kiwo a kansu, rafin da ka gani yana sheƙi ba ka san garken da ya tsallaka shi can sama da safe ba. Kashin maruƙa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira kiripto, akwai kuma jiyadiya, duka gudawa suke sa mutum kuma ido ba ya ganinsu. Abin haushi ba ranar da ka sha suke kama ka ba, sai bayan kamar sati ɗaya kana gida cikinka ya ɓaci ka ɗora wa mai tuwon unguwarku laifi.

To ga inda zancen yake. Kai mai Aquatabs da mai filta kowannenku ya riƙe rabin gaskiya ne. Aquatabs ƙwayar kulorin ce, tana kashe bakteriya irin na kwalara da taifod, tana kashe bairos irin mai kawo ciwon hanta, ba ta da nauyi ba ta da tsada, ka jefa ka jira minti 30. Amma kiripto ɓawonta na da tauri, kulorin ba ya yi mata komai, kuma tana da yawa a inda shanu suke. Ita kuwa filta irin su Sawyer Mini ko LifeStraw ramukanta ƙanana ne ƙwarai, maikiron 0.1 zuwa 0.2 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kiripto da jiyadiya da bakteriya ba sa wucewa, sai dai bairos ya fi ramin ƙanƙanta, sululu yake wucewa abinsa. Shi ya sa ni in ni ne ku, biyun zan haɗa, a tace da filta sannan a jefa ƙwaya a jira. Ku shida ne, ku yi karo-karo ku sayi filta biyu ba ɗaya ba, in ɗaya ta toshe ko ta faɗa rafi kada ku zauna kuna kallon juna. Kuma ku sayi wadda ake matsa ruwa ta cikinta ya zuba a gora, LifeStraw ta asali kamar tsinken shan lemo take, sai ka durƙusa ka zuƙa, ba za ka cika tukunyar indomi da ita ba.

A kula da takardar Aquatabs ɗin, akwai ta lita ɗaya akwai ta jarka mai lita 20, kada ka jefa ta jarka a ƙaramar gora ka sha abin da zai ƙone maka maƙogwaro.

Tafasawa kuwa ita ce uwa, ba ta barin kiripto ba ta barin bairos. A ƙasa minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, amma Chappal Waddi mita 2,419 ne, shi ne mafi tsawo a Najeriya, kuma in an wuce mita 2,000 ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a Zariya ba, don haka a ba shi minti uku. Matsalarta kawai gas ko itace da lokaci, da rana kana tafe ƙishi na cinka ba za ka tsaya hura wuta ka jira ya huce ba. Ku bar ta ta zama ta dare, ku tafasa ku yi shayi ku cika goruna na safe.

Akwai wata na'ura kamar alƙalami mai hasken UV da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, SteriPen, daƙiƙa 90 take gama lita ɗaya, tana da kyau amma da batir take aiki, kuma ba ta aiki a ruwa mai laka. Ban ba ɗalibi shawarar kashe kuɗinsa a nan ba. Aidin ma, wanda wasu ke sawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, ku bar shi, musamman in akwai mai ciki ko mai ciwon maƙoƙo.

In ruwan ya zo da laka ku fara barinsa ya kwanta, ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale kamar yadda iyayenmu ke yi a randa, sai a tsiyaye ta ƙyalle mai tsabta. Wannan share fage ne kawai, laka yake kwantarwa, filtarku ba za ta toshe da wuri ba kuma kulorin zai fi kamawa.

TAMBAYA: Malam mu muna yawan shiga daji wajen masu haƙar ma'adinai, filtar nan za ta yi mana? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: A'a Malam, nan kam ba za ta yi ba. Gubar dalma narkewa take a ruwa, filtar da na ambata ba ta tare ta, kulorin ba ruwansa da ita, tafasawa ma ƙara tattara ta take yi tunda ruwan ne ke tashi ita ta zauna. Kai da ke Zamfara ka fi ni sanin abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Duk ruwan da ke kusa da inda ake wanke ƙasar zinare kada ka sha ko da an tace, ka ɗauko naka a jarka tun daga gari.