Amsa kan timus da aka gani a hoton ƙirjin jariri

Malama, kin tambaya ko girman timus da likita ya nuna miki a hoton ƙirjin jaririnki alamar ciwo ce. Galibi ba haka ba ne, domin wannan gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya, da girmanta ake haihuwar yaro, sai bayan balaga take ƙanƙancewa, kitse ya maye gurbinta.

Aikinta shi ne horar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T. Daga ɓargo suke fitowa, su shiga timus a tantance su: wadda ba ta iya gane komai ba sai ta mutu, wadda kuma za ta far wa jikin mai ita a kawar da ita, har fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa tsira. Jacques Miller ne ya gano wannan amfani a 1961, bayan ya cire timus daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe.

Ƙanƙantar timus ga yaro ta fi zama abin damuwa. Masu ciwon DiGeorge ana haifarsu da ita ƙarama ko babu, saboda ɓacewar wani yanki na kuromozom na 22, ɗaya daga cikin ƙunsoshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Mu nan Damagaram kuwa, tamowa ce babbar matsala, domin tana ƙanƙantar da timus, wannan na cikin dalilan da suka sa kyanda da gudawa ke saurin kayar da yaron da bai ƙoshi ba.

Idan jaririn yana yawan zazzaɓi ko numfashi na yi masa wuya, ki mayar da shi wurin likitan yara.