Me ake nufi da "kyakkyawar maƙwabtaka" tsakanin ƙasashe?

Tambaya: Malam, ina yawan jin shugabanni na cewa ƙasarsu na bin manufar "kyakkyawar maƙwabtaka". Doka ce, ko dai daɗin baki ne kawai? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, tana da tushe a doka, amma daɗin bakin ma yana nan. Abin da ake nufi shi ne ƙasa ta mutunta iyakar maƙwabciyarta, kada ta sa baki a harkokinta na cikin gida, kada ta bari 'yan tawaye su fake a ƙasarta suna kai mata hari, in kuma rigima ta taso a zauna a sasanta. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya ambaci wannan tun a gabatarwarsa. Kafin nan, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yayata kalmar a 1933, lokacin da ya yi wa ƙasashen Latin Amurka alkawarin daina tura musu soja.

Inda mutane ke kuskure shi ne haɗa ta da ƙawance. Ƙawa zaɓarta ake yi, ana iya ƙulla ƙawance da China ko Turkiyya. Maƙwabciya kuwa tarar da ita ake yi, ko ana shiri ko ba a shiri. Dubi Najeriya da Kamaru kan Bakasi: sojojinsu sun yi arangama, amma da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, Najeriya ta haɗiye takaicinta ta kammala miƙa yankin a 2008. A ganina, nan ne kalmar ta yi aikinta, domin babu wata soyayya a ciki.

Tsakanin Najeriya da Nijar akwai hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta a Yamai. Duk da haka, bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka, an katse wutar lantarkin da Nijar ke samu daga Najeriya, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na lalacewa. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Abin mamaki, kowane gefe na zargin ɗayan da karya haƙƙin maƙwabtaka.

Don haka in ka ji kalmar a sanarwar gwamnati, ka duba abin da ya biyo bayanta: an buɗe iyaka? An zauna kan rabon ruwan kogi? Jami'an tsaro na musayar bayanai?